Jarrabawar da Muka Yi wa Kyamara Mai Jawo Nesa a Rumbu

Duk wanda ya ga kyamarar nan mai dogon baki, wadda gilashinta ke leƙowa kamar wuyan kunkuru, tambaya ɗaya yake yi: ninki nawa take jawowa? Mai sayarwa ma ya san da haka, shi ya sa lambar da aka fi rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ita ce 50x ko 65x ko 83x. Na ji wannan tambaya a bakin malamai ƴan uwana. Na ji ta a bakin iyayen da ɗansu ya matsa musu lamba a saya masa kyamara don ya riƙa ɗaukar hoto a wurin biki da suna. Na kuma ji ta a taron kwamitin kula da makarantarmu, ranar da aka kawo shawarar a sayi ɗaya don darussan kimiyya. Kuɗin irin wannan kaya, ko ta hannu ce, sai an sayar da rago ko an fitar da buhunan wake. Don haka na ga ya dace in rubuta abin da ni da ɗalibaina muka gano, ko wani zai amfana kafin ya kwance bakin aljihunsa.

Ni malamin firamare ne, ina riƙe da aji shida a ƙaramar hukumar Rumbu, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi. Abin da aka fi cusa mana a makarantar horon malamai shi ne, ba a ba yaro maki don tsayinsa ko don kyan rigarsa. A ba shi aiki, a duba abin da ya yi. Da wannan ido na kalli kyamarar da wani ƙanena mai aiki a Agadas ya saya a hannu ya bar mini fiye da shekara guda. A jikinta an rubuta 50x, an kuma rubuta megafiksel 16.

Ba abin mamaki ba ne irin wannan kyamara ta ja hankalin mutumin yankinmu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, in ka hau tudu kana hango garke tun yana nisan tafiyar awa guda. Tsuntsayen kwarin Tarka ba sa bari a matso su. Can arewa da mu, a gandun dajin Gadabeji, akwai raƙuman dawa takwas da aka ɗauko daga yankin Kure a watan Nuwamba na 2018, aka ƙara huɗu a 2022, bayan kusan shekara hamsin ba a ga irinsu a wurin ba. Yawancin yaran ajina a zanen littafi kawai suka san su. Malamin da ke son ya nuna wa yara halittun ƙasarsu dole ya yi sha'awar abin da zai kawo masa nesa kusa.

Mu fara da lambar nan ta jikin kwali. Lissafin rabawa ce, irin wanda ɗan aji biyar zai iya. Kowane gilashi mai zuƙowa yana da mafari da maƙura, ana auna su da milimita. A raba maƙura da mafari, abin da ya fito shi ne lambar. Nikon Coolpix P900 da ta fito a 2015 tana farawa daga 24 ta ƙure a 2000, wato 83. Canon PowerShot SX70 HS ta 2018 daga 21 zuwa 1365 take, wato 65. Nikon P1000, ita ma ta 2018, ta kai 3000, wato 125. Tawa daga 24 zuwa 1200. Idon mutum kuwa ana kwatanta ganinsa da gilashi mai kusan milimita 50. Ke nan kyamarar da aka rubuta wa 50x, in an gwada da ido, ninki 24 take girmama abu, sauran lissafin yana can wajen faɗaɗa hoto ne. Lambar ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta ce komai ba game da ko hoton zai fito tangaran ko dishi-dishi.

Abin da ke yanke wannan hukunci yana can ciki, bayan gilashi. Wani ɗan allo ne da haske ke sauka a kansa, shi ke mayar da haske hoto. A yawancin kyamarori masu jawo nesa sosai, wannan allo bai wuce milimita 6 da ɗoriya a tsawo da 4 da rabi a faɗi ba, kamar ƙwayar wake. Na manyan kyamarorin ƙwararru milimita 36 ne da 24, ya ninka shi kusan sau talatin a fili. Masu ƙera kaya da gangan suke ƙanƙanta allon, domin in allon ya yi ƙarami, gajeren gilashi ma zai ba da zuƙowa mai nisa. Ainihin maƙurar gilashin P900 milimita 357 ce, ƙanƙantar allon ce ta sa take aiki kamar 2000. Da babban allo aka sa mata, sai an nemo amalanke kafin a kai ta gona.

Wannan dabara tana da farashinta. Na yi wa yara misali da tarbar ruwan sama: wanda ya fitar da baho da wanda ya fitar da ƙoƙo, ruwa ɗaya ya zuba musu, amma ba abu ɗaya suka tara ba. Ƙaramin allo haske kaɗan yake tarawa. Megafiksel kuwa ɗigo miliyan ɗaya ke nan, kuma yawan ɗigo a kan allon da bai ƙaru ba kamar yawan magada ne a gona ɗaya: rabon kowa ke raguwa, gonar ba ta ƙara faɗi. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, ɗigo 10,000 kacal gare ta, kuma a wancan zamani ƙarin ɗigo ci gaba ne na gaske. Yau an wuce nan. Hoton da za a wanke a takarda mai santimita 10 da 15 ɗigo miliyan biyu ya ishe shi, na cikakkiyar takardar A4 kuma kusan miliyan tara.

Akwai kuma ƙofar da haske ke bi ya shiga. Yayin da gilashi ke miƙewa, hasken da ke isa allon raguwa yake yi. A P900 lambar ƙofar tana tashi daga 2.8 zuwa 6.5, ma'anarsa hasken ya ragu fiye da ninki biyar a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Don ta cike giɓin, kyamara ɗayan biyu take yi. Ko ta daɗe ido buɗe, sai rawar hannu ta shafe hoton, ko ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi, sai hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi.

Wannan duk bayani ne na baki. Ga yadda muka gwada. Na zaɓi haruffanmu masu ƙugiya su zama ma'auni, domin ɗan lanƙwasa ne kawai ya raba baki da baƙi, kara da ƙara, fada da faɗa, gaba da gaɓa. Na raba ajin gida biyu. Rukuni na farko suka rubuta kalmomin da alli a kan ƙananan alluna, kowane harafi tsayin santimita uku, suka cuɗanya masu ƙugiya da marasa ita ba tare da sun gaya wa kowa jerin ba. Muka auna fili da igiya mai mita 25, muka kafa turaku a mita 50, 100, 200 da 300. Rukuni na biyu aikinsu karanta hoton ne, kuma a kwamfutar darakta suke karantawa bayan an buɗe hoton ya kai girmansa na asali. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci. A ɗan gilashin bayan kyamara kowane hoto kyakkyawa ne, kamar yadda kowane rubutu yake da kyau in daga bakin ƙofa ka hango shi.

Kowane allo mun ɗauke shi sau biyu, sau ɗaya a hannu, sau ɗaya kyamara na zaune a kan jakar yashi bisa kifaffen turmi, an sa mata ƙidayar daƙiƙa ta ɗauka da kanta ba wanda ya taɓa ta. Muka maimaita da safe bayan an shiga aji, da tsakar rana, da kuma gab da magariba tare da ƴan yaran da gidajensu ke kusa.

Da safe, a kan turmi, kyamarar ta burge mu. A mita 100 yara sun karanta komai tas, har ana ganin inda alli ya karye. A mita 200 ƙugiya tana nan, sai dai an fara gardama a kan wasu. A mita 300 haruffa sun fito manya a fuskar kwamfuta, amma ba mai iya rantsewa ko baki aka rubuta ko baƙi. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, ya yi girma amma bai fito ba." Ban ga abin da zan ƙara a kan maganarta ba, na sa aka rubuta ta a babban allo.

A hannu labarin ya sauya. In an ƙure zuƙowa, faɗin abin da kyamarar ke gani a mita 100 bai wuce mita uku ba, numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da allon daga cikin hoto. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, gilashi mai 1200 yana son ƙiftawar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin 1200 na daƙiƙa ba. Akwai na'urar rage rawa a ciki, tana kuma taimakawa sosai, amma rawar hannunka take gyarawa, ba ruwanta da akuyar da ke tafiya ko tsuntsun da ya juya kai. Hotunan hannu wasu sun fito, da yawa sun shafe, kuma ba ka sanin wanne ne wanne sai ka je kwamfuta.

Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne tsakar rana. Su a tunaninsu yawan haske shi ne kyan hoto. A watan Afrilu, da rana ta take, allon mita 100 ma haruffansa sun karkace kamar an rubuta su a kan ruwa, na mita 200 kuwa ba a maganarsa. Dalili shi ne yashi ya ɗauki zafi, iskar da ke kansa tana tashi tana cuɗanya da mai sanyi, haske kuma lanƙwashewa yake yi in ya ratsa iska mai zafi daban-daban. Abin da ke haifar da kawalwalniya ke nan. Kyamara tana girmama abin da kake son gani, tana girmama rawar iskar tare da shi. Lokacin hunturu wata matsalar ce daban. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana wanke launi, baƙin allo ya koma toka-toka, farin alli ya nutse a cikinsa. Waɗannan biyun ba kuɗin da ke maganinsu. Hotunan talla da ake nunawa a intanet ba a iskar Dakoro aka ɗauke su ba, kuma kyamarar da ta ninka tawa tsada sau goma ita ma ta cikin wannan iska za ta duba.

Gab da magariba iska ta kwanta, amma haske ya tafi. A nan muka kawo zabo, domin ɗige-ɗigen jikinsa ma'auni ne mai kyau. Da safe kowane ɗigo ya fito da kansa. Da yamma lis, kyamarar ta ga tsaki-tsaki ya yi yawa, sai ta goge shi, ta haɗa da ɗigon zabon ta goge. Tsuntsun ya fito sumul kamar an shafe shi da laka. Haka ta yi wa zanen atamfa mai ƙananan furanni. Muka kuma gwada fuskar mai gadin makaranta, da izininsa, sanye da farin rawani a rana. In rawanin ya fito da ninkinsa, fuskar ta zama inuwa. In fuskar ta fito, rawanin ya ƙone fari fat. Ƙaramin allo ba ya iya riƙe haske mai ƙarfi da duhu a lokaci ɗaya. Duk mai niyyar ɗaukar hoton mutanenmu, baƙar fata cikin fararen kaya, wannan gwajin ya kamata ya fara yi tun a gaban mai sayarwa.

Goge ɗigon zabo ya kai ni ga abin da ya fi damuna a matsayina na malami. Na'urorin yanzu ba sa tsayawa a kan abin da gilashi ya gani. Akwai zuƙowa iri biyu: ta gilashi, wadda ke kawo ƙarin bayani na gaske, da ta lissafi, wadda ke yanko tsakiyar hoto ta buɗa shi ta cike gurabun da ƙiyasi. Lambobin nan na 100x da ake gani a wayoyi yawancinsu na biyun ne. A watan Maris na 2023 an yi ta muhawara a duniya bayan wani ya ɗauki hoton wata, ya dusashe shi da gangan a kwamfuta, ya kashe fitila, ya ɗauki fuskar kwamfutar daga nesa da wayar Samsung Galaxy, sai ga wata ya fito da ramukansa da babu su a hoton da aka nuna wa wayar. Kamfanin ya bayyana cewa wayar tana amfani da ƙirƙirarriyar basira ta gane wata ta kuma ƙara fito da kamanninsa. Kowane malami ya san irin wannan ɗalibi: ka rubuta rabin tambaya, ya zubo maka amsar da ya haddace. In tambayar ta dace da haddarsa ya ci, in ka sauya lamba ɗaya ya faɗi, kuma ko a wanne hali bai karanta abin da ke gabansa ba.

Shi ya sa nake cewa kada kowa ya yarda a gwada masa kyamara da wata. Wata abu ne mai haske ƙwarai, rana ce ke haska shi, fuskarsa ɗaya yake nuna mana kullum, kuma in ya yi sama hasken nasa ba ya bin iskar da ke kan yashi mai zafi. Tambaya ce mai sauƙi da kowa ke ci. Tambaya mai wuya tana wajen masu ƙidayar raƙuman dawa. Irin namu na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 a 1996 kafin su farfaɗo su kai ɗaruruwa, kuma da hoto ake bin su ɗaya bayan ɗaya, domin zanen jikin kowanne daban yake da na ɗan uwansa. Na'urar da za ta goge zane ko ta ƙirƙiro wanda babu, ta ɓata wannan aiki komai kyan hotonta a ido.

Akwai wata siffa ta dogon gilashi da ba a rubuta ta a kwali, ita ce kuma ta fi kusa da zaman lafiyarmu. Yana matse tazara. Na tsayar da yaro ɗaya a mita 200, wani a bayansa a mita 230, na ɗauke su. A hoto sai ka ce kafaɗa da kafaɗa suke, har yara suka yi ta dariya suna cewa sun ga juna suna gaisawa. Dalilin a fili yake: mita 30 a kan 200 ba ta rage girman mutum sosai, kuma a ƙasa mai shimfiɗa ba abin da ke nuna filin da ke tsakaninsu.

Mu nan a bakin iyaka muke zaune. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a yankinmu kwarin Tarka ne ake ɗauka a matsayin alamarta. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya kawo kwamitocin kula da filaye, aka kuma shata burtali. Duk shekara hukuma ke sa ranar sakin gonaki, kuma makonnin da ke gabanta su ne lokacin da zukata ke kusa. A irin wannan lokaci, da kaka, mahaifin wani ɗalibina ya same ni da hantsi. Dattijo ne da nake girmamawa, gonarsa tana dab da burtali.

Bayan mun gaisa ya ce: "Mushe, yaron nan ya ce kana da abin da ke kamo nesa. Ga shanu can cikin hatsina. Ina son ka ɗauke mini su, in kai wa mai gari."

Na ce: "To Baba, mu je ku nuna mini. Amma ina roƙon arziki, in mun ɗauka mu ƙarasa wurin da ƙafa kafin a kai wa kowa."

Muka hau tudu na ɗauka. Hoton ya nuna jajayen shanu masu dogayen ƙaho, zangarniyar gero ta rufe musu ƙafafu har ciki. Ko ni da na san halin gilashin, da a hannun wani na ga hoton, zan ce a tsakiyar gona suke. Muka gangara muka taka. Da muka isa, shanun suna cikin burtali, tsakaninsu da kan gona taku mai yawa, wani matashi yana gabansu da sandarsa yana tare su. Muka zaga gefen gonar, babu sawun kofato, babu kashi, babu karan da ya karye. Dattijon ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya ɗaga hannu ya amsa gaisuwar matashin. A hanyar komawa ya ce mini: "Goge shi, Mushe. Kada yara su gani su ɗauka." Na goge a gabansa.

Ana cewa gani ya kori ji, kuma mutanenmu sun ɗauki hoto a matsayin gani. Da wannan hoto ya shiga WhatsApp, wanda ke ƙara rage ingancin hoto in an tura shi yadda aka saba, da kafin azahar ya zaga ƙauyuka, kuma ba wanda zai tambayi daga ina aka ɗauke shi. Shaidar wuta da ke jikin dabba ma, wadda ake gane mai ita da ita a kasuwar Sakabal, ba ta karantuwa daga irin wannan nisa, sai dai kowa ya ga alamar wanda yake zargi. Manomin da aka yi wa ɓarna da gaske, kuma ana yi, hoton nesa ba ya taimakonsa. Abin da zai tsaya masa shi ne ya kira shaidu su taka wurin, a ɗauki sawu da karyayyen kara daga kusa, ko da ƙaramar waya ce, a haɗa da wata alama da kowa ya sani, kamar bishiya ko turken iyaka.

Kada a ɗauka kushe kyamarar nake yi. A inda ta dace, ta yi mana aikin da waya ba za ta yi ba. Da shamuwa ta dawo gab da damina ta yi sheƙa a kan bishiyar bayan makaranta, mun ɗauke ta da sassafe daga mita talatin zuwa arba'in, yara suka ga launin fatar fuskarta da yadda take jera kirare, abin da suke wucewa ta ƙarƙashinsa kullum ba su taɓa lura ba. Mun ɗauki balbela a bayan saniya, mun ɗauki fara a kan ganye ba tare da ta tashi ba. Hotunanta mafi kyau duk a tsakiyar zuƙowa suka fito, da safe, daga nisan da bai kai mita hamsin ba. In ka rage rabin nisan da ƙafarka, ka rage rabin iskar da ke tsakani, ka kuma samu ƙarin haske domin ba sai ka ƙure gilashi ba.

Ga abin da na gaya wa kwamitinmu, shi ne kuma nake gaya wa duk uban da ya tambaye ni. A fara da sanin aikin da za ta yi. In don tsuntsaye da dabbobi ne da rana, mai ƙaramin allo ta wadatar, a haɗa mata da abin ɗorawa mai ƙafa uku. In don biki da suna ne, inda rabin aikin cikin ɗaki ne ko da dare, dogon gilashi ba shi da amfani, girman allo ake nema. Akwai masu allon da ake kira na inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, wanda ya ninka ƙaramin kusan sau huɗu, irin su Panasonic Lumix FZ1000 ta 2014 mai 16x da Sony RX10 IV ta 2017 mai 25x. Lambarsu ta kwali ƙarama ce, kuɗinsu ya fi yawa, hotonsu kuma a ƙarancin haske ya fi tsabta. In don shaida ne a rikicin gona, a bar kuɗin a aljihu.

Wanda zai saya a hannu, ya je da katinsa na ajiya da takarda mai ƙananan rubutu. Ya ɗauki takardar daga nesa a mafari da tsakiya da maƙurar zuƙowa, ya kashe zuƙowar lissafi tukuna. Ya ɗauki sararin sama ko farin bango, in akwai ƙura a ciki za ta fito kamar tabo a wuri ɗaya cikin kowane hoto, kuma irin wannan kyamara ba a cire gilashinta a goge, sai an kwance ta. Ya saurari gilashin yana fita yana komawa, in yana ƙara kamar ana niƙa, yashi ya riga ya shiga. Ya tambayi ko ana samun batirinta, da ko za ta yi caji da solar da ke gidansa. Sannan ya duba hotunan a kwamfuta kafin ya biya. Mai kayan da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya ba ka amsa.

Kwamitinmu ya dakatar da sayen, aka ce sai an samu wadda za a kawo a yi mata jarrabawar allo a filin makaranta. Kyamarar ƙanena kuma ta koma Agadas. Abin da ya rage a ajina shi ne wata al'ada da nake fatan malamai ƴan uwana za su gwada, ko da waya ce kawai a hannunsu, domin igiya da alli da allo sun isa. Yanzu in aka nuna wa yarana hoto, kafin su ce komai sai sun tambayi daga wane nisa aka ɗauke shi, da wane lokaci, da kuma ko akwai wanda ya taka ya je wurin. Yaran nan za su girma cikin hotuna fiye da yadda muka girma, wasu na gaskiya, wasu na'ura ce ta cike su, wasu kuma gaskiya ne amma an ɗauke su daga inda za su ruɗi mai kallo. Iyaye ma, in yaro ya kawo muku hoto a waya yana cewa ga abin da ya faru, ku yi masa waɗannan tambayoyi kafin a tura wa na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya.